LAFIYA UWAR JIKI: Jiki bai san yunwar wasa ba

A wannan wata filin lafiya zai duba wata magana da ta shigo gari ta hanyar talabijin da salula. Ita ce maganar rage ƙiba da gaggawa.

A garin Diffa yanzu da wuya mutum ya ratsa unguwa da dare bai ga hasken talabijin ba. Inda babu talabijin, akwai salula a hannun yara. A ciki ana ganin wani irin wasa na ƙasashen waje. Ana tara masu ƙiba a gida ɗaya. Ana rage musu abinci ƙwarai. Ana sa su gudu da ɗaga ƙarfe kullum. Kowane mako sai a ɗora su bisa sikeli a gaban jama'a. Wanda ya fi kowa ramewa shi ke cin kuɗi.

Mai kallo yana ganin ƙaton mutum ya koma siriri kafin a gama shirin. Ana tafi, ana kukan murna. Sai ya ce a ransa, ashe abin ba wuya. To, ko wannan rama tana daɗewa? Ko mutumin kwarin Komadugu zai iya bin wannan hanya ya zauna lafiya?

WA MAGANAR TA SHAFA?

Wani zai ce ina ruwan manomi da makiyayi da zancen ƙiba. Yana da gaskiyarsa. A jahar Diffa rama ta fi ƙiba damun mutane. Tun 2015, da rikici ya taso jama'a daga Bosso da tsibiran tafkin Cadi da garuruwan bakin Komadugu, gidaje da yawa sun san yunwa. Gidajen likita suna karɓar yara masu tamowa kowace shekara, balle tsakanin shuka da girbi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Amma cikin gari zama ya sake. Wanda ya bar gona ya kama kasuwa ya koma zaman benci. Farar shinkafa da taliya da mai da lemun kwalba sun sami wuri kusa da tuwon hatsi. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda a da ake cewa ciwon masu kuɗi ne, yau suna kama ɗan kasuwa da matar gida da tsohon manomi. Idan likita ya ce wa irin wannan mutum ya rage jiki, dole ya nemi hanya. Hanyar da ya fi gani kuwa ita ce ta talabijin.

LABARIN WANI DILLALIN TATTASAI

Akwai wani dillalin tattasai a Diffa, shekarunsa sun kusa 50. Ya taso yana ban ruwa a gonar mahaifinsa a bakin kogi. Da ya sami jari sai ya bar gona ya kama harkar buhu a kasuwa. Yini yake a zaune, shayi ba ya yankewa. Teɓa ta fito, gwiwa ta fara ciwo. A gidan likita aka auna shi, aka ce jininsa ya hau, sai ya rage nauyi.

Ɗansa ya nuna masa wasan nan a salula. Washegari ya ce wa uwargidansa ta daina zuba masa tuwo. Da safe ruwan zafi da lemun tsami. Da rana ɗan ganyen salat. Da dare ba komai. Ya kuma kama gudu da sassafe, abin da ya yi shekara 20 bai yi ba.

Mako na farko wando ya yi masa sako-sako, ya yi murna. Mako na biyu barci ya ƙi, fushi ya yi yawa, ya fara kuskuren lissafi da masu kawo kaya. Mako na uku, ana tsakar zafin bazara, jiri ya kayar da shi tsakanin buhuna. Aka kai shi gida ranga-ranga. Daga ranar ya koma cin abinci, amma akushi ɗaya ya daina isarsa. Kafin damina ta yi nisa teɓar ta dawo, har ta ɗara ta da.

Kawunsa makiyayi ne a wajen Ngigmi. Ya zo sayar da raguna, ya sauka a gidan. Da ya ji labari sai ya yi dariya.

Ya ce: "Ɗana, kai da ka yi kiwo a hannuna kana yaro, ka manta halin saniya?"

Dillali ya ce: "Kawu, me ya haɗa wannan da saniya?"

Tsoho ya ce: "Idan rani ya yi tsawo, saniya tana rage tafiya. Tana rage nono. Tana neman inuwa ta kwanta. Tanadi take yi, don ba ta san ranar da ruwa zai zo ba. Ran da ciyawa ta fito kuwa, ba ta ɗaga kai. Wata biyu ka gan ta ta cika. Je ka tambayi masu turka. Ramammen rago mai lafiya suke nema, don shi ya fi saurin ɗaukar jiki. Kai ka kawo wa jikinka rani da hannunka. Me kake so ya yi in ya ga damina?"

Dillali ya yi shiru. Abin da tsohon nan ya faɗa shi ne masana suka tabbatar da awo da lissafi.

ABIN DA AKA GANO A AMURKA

Wanda ya fi shahara cikin irin wannan wasa shi ne na Amurka mai suna The Biggest Loser, wato wanda ya fi kowa zubar da nauyi. Tashar NBC ta fara nuna shi a 2004. A wancan lokaci wanda ya zo na ɗaya yakan sami dalar Amurka 250,000, abin da ya wuce sefa miliyan 100. Ƙasashe da yawa sun kwaikwayi wasan.

A gasar 2009 wani mai suna Danny Cahill ya zo na ɗaya. Ya shiga da kilo 195, kusan nauyin manyan buhunan hatsi biyu. Ya fita da kilo 87. Ya zubar da kilo 108 cikin wata 7.

Wani masani mai suna Kevin Hall, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, shi da abokan aikinsa suka bi sawun ƴan gasar ta 2009. Sun auna su da farko. Sun auna su a ƙarshen gasa. Suka sake auna mutum 14 daga cikinsu bayan shekara 6. An buga sakamakon a 2016.

Idan aka haɗa nauyinsu aka raba daidai, kowa ya shiga da kilo 149. Bayan mako 30 kowa ya zubar da kilo 58, wato fiye da buhun shinkafa mai kilo 50. Bayan shekara 6, kilo 41 ya dawo. Cikin mutum 14, mutum 13 nauyi ya dawo musu, wani kaɗan, wani da yawa. Mutum 4 har sun wuce yadda suke kafin gasa. Shi kansa Danny Cahill fiye da kilo 45 ya dawo masa.

ME YA KAWO HAKA?

Jikin mutum kamar murhu ne wanda wutarsa ba ta mutuwa. Ko mutum yana barci, zuciya tana bugawa, huhu yana aiki, jiki yana riƙe ɗumi. Duk wannan da abinci ake yinsa. Masana suna auna ƙarfin abinci da wani ma'auni mai suna kalori, kamar yadda ake auna hatsi da tiya.

Idan abinci ya ragu ƙwarai a lokaci guda, jiki yana rage wutar nan don itace ya daɗe. Abin da ya ba masanan mamaki shi ne, bayan shekara 6 wutar ba ta koma daidai ba. Jikin ƴan gasar yana ƙona kalori wajen 500 a rana ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona. Kalori 500 ya kai abin da ke cikin tsabar hatsi gram 140. A kwana 20 ya kai tiya guda. Ga ma'anar abin: mutum biyu nauyinsu ɗaya, suna cin abinci daidai wa daida. Wanda bai taɓa gasa ba yana nan yadda yake. Wanda ya yi gasa yana ƙara jiki.

Akwai abu na biyu. Kitse yana zuba wani sinadari cikin jini, sunansa leptin. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a rumbu. A ƙarshen gasa wannan sinadari ya kusa ƙarewa a jikinsu. Bayan shekaru ma bai koma yadda yake ba. In ya yi ƙasa, mutum yana jin yunwa ko ya ci.

Wuta ta ragu, yunwa ta ƙaru. Saboda haka wanda nauyi ya dawo masa bai cancanci a kira shi rago ko maras haƙuri ba. Jikinsa ne ke kare kansa. Jiki ba ya tambaya ko yunwar ta fari ce ko ta wasa ce. In ya gan ta, shirin fari yake yi.

Wannan sani ya daɗe. A 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a jami'ar Minnesota ta Amurka. Samari 36 suka yarda a raba abincinsu biyu, a ba su rabi har wata 6. Sun zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sanyi ya dame su, kasala ta kama su, fushi ya yi yawa, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, sun yi ta ci ba ƙoshi, har kitsen jikinsu ya wuce na farko kafin daga baya ya daidaita. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san wannan ba tare da takarda ba.

ABIN DA TALABIJIN BA YA NUNAWA

Na ɗaya, ɗan gasa ba shi da wani aiki sai ramewa. Kevin Hall ya lissafa cewa a gidan gasa suna cin kalori wajen 1,300 a rana, suna kuma motsa jiki mai tsanani wajen awa 3. Namijin da ke huɗa, ko ban ruwan tattasai, ko jan guga a rijiyar dabbobi, yana bukatar kalori 3,000 ko fiye. In ya koma cin 1,300, gona ce za ta fara gane haka. Danny Cahill sai da ya bar aikinsa na awon filaye don ya ƙarasa gasar. Magidanci mai iyali ba shi da wannan dama.

Na biyu, a gidan gasa akwai likita kusa, akwai masu horarwa, abinci kuma an tanade shi. A ƙauyen bakin Komadugu, wanda ya faɗi a gona sai an nemi amalanke ko mota kafin a kai shi gidan likita.

Na uku, ba duk abin da sikeli ya rage ba ne kitse. Wani ruwa ne. Ryan Benson, wanda ya ci gasar farko a 2004, ya faɗa da bakinsa cewa gab da awon ƙarshe ya hana kansa abinci da ruwa har ya yi fitsarin jini. Daga baya nauyin ya dawo masa kusan duka. A Diffa zafin watan Afrilu da na Mayu yana wuce digiri 40. Wanda ya hana kansa ruwa a irin wannan zafi yana wasa da ƙodarsa da ransa.

Na huɗu, saurin rama yana cin tsoka tare da kitse, ita kuwa tsoka ita ce jarin mai aikin ƙarfi. Yana kuma iya kawo tsakuwa a cikin matsarmama.

Na biyar, ran da aka ba da kyauta ake naɗe kayan ɗaukar hoto. Da wuya a bi ɗan gasa gida a nuna shekara ta biyu da ta uku. A 2025 kamfanin Netflix ya fitar da wani fim inda wasu tsofaffin ƴan gasar suka ba da labarin wahalar da suka sha, a gidan gasa da bayan sun fito.

Sai dai a faɗi gaskiya duka. Mutum 14 ba su da yawa. Kuma bayan shekara 6, idan aka raba daidai, suna ƙasa da nauyinsu na farko da kilo wajen 17. Wani binciken da aka buga a 2017 a kan mutanen nan ya nuna waɗanda suka fi riƙe ramarsu su ne waɗanda ba su daina motsa jiki ba, fiye da awa guda kowace rana. Abin da aka ci gaba da yi kullum shi ya tsaya.

HANYAR DA KE ƊOREWA

Mai hawan jini ko mai tsoron ciwon sukari ba ya bukatar zubar da rabin jikinsa. A Amurka an yi wani babban gwaji da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa. An buga sakamakon a 2002. An ce wa kashi ɗaya daga cikinsu su rage kilo 7 cikin kowane kilo 100, su kuma yi tafiya minti 150 a mako. Cikin shekara 3, kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 cikin 100 a tsakaninsu, wato fiye da rabi.  Sannu ba ta hana zuwa.

Ga abin da mutumin Diffa zai iya yi da abin da ke cikin gidansa:

1. A fara zuwa gidan likita. A auna nauyi da jini da sukari. Likita ne zai ce ko akwai bukatar ragewa.

2. Kada a nemi wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

3. A rage sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce gram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin lemu ɗaya yana ɗauke da gram wajen 35. Mai shan shayi sau uku a rana ya ƙirga ƙwayar sukarin da ke shiga buta. A rage kaɗan-kaɗan har baki ya saba.

4. A rage mai da soye-soye. Kifin tafki da na kogi abinci ne mai kyau. A gasa shi, ko a sa banda cikin miya, ya fi a tsoma shi cikin mai.

5. Kada a bar tuwo. Hatsi da dawa da wake suna riƙe ciki fiye da farar shinkafa da taliya da burodi. A rage malmala, a ƙara miya: kuka, kuɓewa, yakuwa, zogale, tumatir, albasa, da tattasan da ake nomawa a nan. Fura da nono ba su bukatar sukari.

6. A rage gishiri da magi. Gram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, ya ishi babba.

7. A yi tafiya da ƙafa minti 30, kwana 5 a mako, da safe ko da yamma. A sha ruwa sosai. Wanda ke aikin gona ko kiwo ya riga ya biya wannan bashi.

8. Kada a sayi shayi ko ƙwayar rage ƙiba a hannun masu talla. Da yawansu zawo ko yawan fitsari suke sawa, ruwa ya fita, kitse yana nan. Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke sha, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Suna kumbura jiki, suna kawo hawan jini da ciwon sukari. Gaggawar ƙiba da gaggawar rama duk hanyarsu gidan likita.

WAƊANDA BAI KAMATA SU RAGE ABINCI BA

Mace mai ciki da mai shayarwa ba su rage abinci, don mutum biyu ne ke ci daga kwano ɗaya. Yara da ƴan mata masu tasowa ma haka. Iyaye su lura da ƴarsu idan ta fara ƙin abinci don wani hoto da ta gani a salula. Tsoho mai rauni kada ya gwada. Mai shan maganin ciwon sukari in ya tsallake abinci, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa har ya suma.

Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage ci ba, kada ya yi murna. Yana iya zama ciwon sukari, ko tarin tibi, ko wata cuta. Ya hanzarta zuwa gidan likita.

Shi dillalin tattasai ya koma cin tuwonsa da dare, malmala ɗaya maimakon biyu. Shayi yana nan, sukari ne ya ragu. Da ƙafa yake zuwa kasuwa, ranar da ba ciniki kuma ya leƙa gonar bakin kogi ya taya ƙannensa gyaran kwali. Ba wanda ya yi masa tafi, ba wanda ya ba shi kyauta. Wata-wata yana zuwa a auna jininsa, uwargidansa ce ke tuna masa ranar.

A karanta wannan shafi a cibiyoyin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata a cikin gida, don su ne ke riƙe da tukunya. A wata mai zuwa filin lafiya zai duba maganar gishiri da hawan jini. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.